Baba ya ƙi barin gidan gona, ga kogi na cikowa: in matsa masa ko in gyara gidan?

Ɗan_Zaki:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san zaman bakin kogi. Mahaifinmu yana zaune a gidan gona a yankin Zaki, shi da Inna da ƙanena da matarsa da yara. Ba cikin gari ba ne, gida ne shi kaɗai a gefen fadama, kafin ka kai ga maƙwabci sai ka yi 'yar tafiya. Kowace damina in aka shiga Agusta hanyar wurin takan nutse, ko mashin ba ya shiga. Bara ruwa ya zo har gindin katanga sannan ya janye. Bana tun yanzu an ce ya fara hawa gonakin shinkafa. Na kama musu ɗakuna a Azare, Baba ya ce ba inda za shi, wai wa zai bar wa rumbu da shanu. Ni kuma ina Bauchi wurin aiki, hankalina ba a kwance yake ba. In matsa masa ne, ko kuɗin hayar in sa su a gyaran gidan? Matar ƙanen nawa tana da tsohon ciki.

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ka fara da layinka na ƙarshe, ɗan'uwa. Mai tsohon ciki ba ta da abin jira a wurin. Ku fito da ita gobe, maganar Baba a yi ta daga baya.

Bagidajen_Gamawa:
Hhh, tsofaffinmu duk halinsu ɗaya. Namu sai da ruwa ya ɗaga masa buta yana alwala sannan ya yarda akwai ambaliya.

Injiniya_Sale:
Ɗan_Zaki, abin da ya kamata ka fahimtar da Baba shi ne, ruwan da zai ci gidansa ba lallai ne a kansa za a yi shi ba. Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya bi ta ƙasar Ningi inda ake kiransa Bunga, ya wuce Jama'are, ya gangaro wajenku, sannan ya je ya haɗu da na Haɗeja a wajen Gashuwa su zama kogin Yobe. To ku a Zaki kuna can ƙasa ne, inda ƙasa ta shimfiɗe, ruwa ya rasa gudu ya bazu cikin fadamu. Ana iya tafka ruwa a Filato da Toro da Ningi, ku kuna ganin rana tas, bayan 'yan kwanaki ku wayi gari ruwa na tsakar gida. Shi ya sa dattijon da ke duban gajimare ya ce yau lafiya lau yake iya yin kuskure, ba don bai san damina ba.

Auwal_Mai_Taki:
Ai duk Kamaru ce ke jawo mana. Da zarar sun buɗe dam ɗin Lagdo shi ke nan.

Injiniya_Sale:
A'a Malam Auwal, wannan magana ana yawan yi amma ba ta shafi Zaki ba. Ruwan Lagdo kogin Binuwai yake bi, ta Yola da Numan da Makurɗi har Lakwaja. Ba shi da hanyar da zai hauro Katagum. Kogin Jama'are ma ba wani babban dam a kansa, na Kafin Zaki da aka daɗe ana magana har yau ba a gama shi ba. Tiga da Challawa kuma a ɓangaren kogin Haɗeja suke.

Auwal_Mai_Taki:
To na ji. Amma mu nan gefen Gongola fa?

Yaya_Deba:
Mu ma ba Lagdo ba ce, Auwal. Gongola ce ke zuba cikin Binuwai a Numan, ba Binuwai ke zuba mana ba. Namu lissafin da Dadin Kowa yake: wanda ke sama da dam, wajen Nafada da Funakaye, tafki ke cikowa ya hau masa gona, wanda ke ƙasa kuma idan an rage ruwa shi ke gani. Amma kar mu kauce wa tambayar bawan Allah.

Ni na yi wannan zaman, Ɗan_Zaki, a gidan kakanmu. Abin da zan gaya maka, shigar ruwa ɗaki ba ita ce babbar masifar ba. Yankewa ce. Ruwa ya zagaye ku, gidan na nan a tsaye, amma ba fita ba shiga. Itace ya jiƙe, ga hatsi a rumbu amma ba wutar dafawa. Injin niƙa yana cikin gari, sai a koma turmi da dutsen niƙa. Gishiri ya ƙare, ashana ta yi laushi, waya ta mutu ba caji. Yaro ya kwana da zazzaɓi kuna kallonsa, kemis na can tsallake. Dare kuma ba a barci, kowa kunnensa na kan katanga, don ginin ƙasa ba ya sallama in zai faɗi. Daga gindi yake shan ruwa ya jiƙe, sai ka ji rim. Mu tsakar gida muka riƙa kwana a kan gadon kara da aka ɗora bisa turame, ana yayyafi a kanmu, don ya fi mana ɗaki aminci.

Idan Baba ya kafe, lissafinka ya zama na abin da zai ishe su zaman mako biyu ko uku ba tare da kowa ya iso gare su ba.

Hajiya_Mai_Waina:
Allah sarki. Yaya_Deba ka tuno mini abin da ba na son tunawa. Ni kuma na ce a riƙa tuna mata a wannan lissafi. Maza suna ta rumbu da shanu, wa ke girki a cikin ruwan? Wa ke goyon yara a hau tudu? In salga ta cika ta tumbatsa, namiji ya zaga bayan gona, mace fa? Ɗan_Zaki, ka tambayi Inna ita me take so, ban ji ka faɗi ra'ayinta ba.

Ɗan_Zaki:
Hajiya, Inna cewa ta yi inda Malam yake nan take. Amma a waya ta ce mini in zo in ɗauki jikokinta.

Hajiya_Mai_Waina:
To ai ta ba ka amsa, ɗana. Kunya ce ta hana ta faɗi sauran.

Abu_Sumayya:
Ni ina ganin ku bar dattijo da tawakkalinsa. Shekara nawa yana wurin? Wanda kwanansa ya ƙare ko a benen Azare ne zai tafi.

Malam_Na_Tsangaya:
Abu_Sumayya, Allah ya yi maka albarka, amma ba haka tawakkali yake ba. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Kuma da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya ce muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ɗan_Zaki, kada kai ka je ka karanta wa mahaifinka wannan, zai ga yaro ya zo yi masa wa'azi. Ka sami limamin garinsu ko wani amininsa sa'arsa ya je su zauna. Abin da uba ba zai karɓa daga bakin ɗa ba yakan karɓa daga bakin aboki.

Abu_Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma har yanzu ina cewa a duba uzurinsa. Ba taurin kai ba ne kawai. A wajenmu akwai waɗanda suka gudu sansani a makarantar firamare, suka dawo suka tarar an kwashe musu hatsi da awaki har da kwanon rufi. Ruwa bai ci ba, mutane suka ci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Jauro_Kirfi:
Wannan gaskiya ne. Kuma maganar shanu ba ƙarama ba ce. Saniya in ta daɗe tsaye a caɓi kofatonta ke ruɓewa, ga ƙudaje, ga ciwon hanta da suke ɗauka a ciyawar fadama bayan ruwa ya janye. Mu ba ma jiran ruwa, tun farkon damina ake kai garke jigawa. Ɗan_Zaki, ka raba wa Baba matsalarsa gida biyu. Shanun a nemo amintaccen makiyayi a kan tudu a ba shi kiwo zuwa kaka, a yi sharaɗi gaban mai unguwa. Hatsin a sussuke a zuba a buhu a kai gidan ɗan'uwa a cikin gari tun amalanke na iya shiga. In ba shanu ba hatsi, me ya rage zai ce yana gadi? Amma ka yi sauri, da zarar hanya ta yi laka ko shanun huɗa ba za su ja kaya ba.

Bagidajen_Gamawa:
Zai ce yana gadin kaji.

Maman_Hanifa:
Kai dai Bagidaje ba ka rabo da wasa. Bari in dawo kan maganata ta farko don na ga an wuce ta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a karkara. Abin da ke kashe mai haihuwa da sauri shi ne zubar jini, kuma ba ya ba da lokacin neman kwalekwale. Naƙuda ta tashi da tsakar dare, ungozoma na tsallake, mai fito ba ya tuƙi cikin duhu, ko ya yarda ma ina motar da za ta ɗauke ta a ɗaya gaɓar? Ku tuna a Agustan 2024 babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ma ruwa ya yanke ta a yankin Katagum, kwalta ke nan, balle burtalin gona.

Ga waɗanda za su zauna kuma, ruwan sha shi ne abin tsoro. Ambaliya na haɗa salga da rijiya, daga nan sai amai da gudawa. Mutane suna jefa alim su ga ruwa ya kwanta ya yi garau su ce ya tsarkaka. Alim laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. A tace, a tafasa, in ba itace a sa maganin kulorin irin su WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a bar shi rabin awa kafin a sha. A saya musu ƙullin gishiri da sukari na asibiti da yawa. In ya ƙare, litar ruwa mai tsabta ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gidan sauro kowa da nasa. In Baba na shan maganin hawan jini ko na suga, a ba shi na wata guda a leda a ɗaure.

Ɗan_Kaltungo:
A ƙara da macizai. Ruwa na kore su daga ramukansu, su ma tudu suke nema, wato rumbu, jinka, tarin itace, har cikin takalmi. Mu nan mun san wannan sosai, asibitin saran maciji na garinmu daga jihohi da dama ake kawo masa mutane, kuma yawanci kububuwa ce. Kada wanda ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin buhu ba tare da ya haska ba. In an yi sara kar a ɗaure da igiya, kar a tsaga, kar a tsotsa. A hana wurin motsi, a nufi asibiti.

Sarkin_Dawa77:
Haba ɗan'uwa, iyayenmu da ɗauri da tsaga suka rayu. Akwai masu magani a ƙauye da ko asibiti ba ta kai su ba.

Ɗan_Kaltungo:
Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Ka tsaga wa irin wannan mutum fata, ka buɗe masa ƙofar zubar jini ke nan. Ba raina na gida nake yi ba, amma ranar da aka ɓata ana jiƙe-jiƙe ita ce ranar da ake buƙata a hanya.

Sarkin_Dawa77:
In hanyar ta yanke fa, kamar yadda ake faɗa tun ɗazu?

Maman_Hanifa:
Ka ga dalilin da ya sa muke cewa su fito tun da wuri ke nan.

Zainab_Winnipeg:
Salamu alaikum, 'yar Gombe ce ni, karatu ya kawo ni Kanada. Ina ta bin maganar nan da mamaki don nan ma akwai irinta, sai dai lokacin ya bambanta. Su ba damina ke kawo musu ba, narkewar ƙanƙara ce bayan hunturu, wajen Afrilu. Kogin da ya ratsa garin nan daga Amurka yake tasowa ya nufi arewa, to kudu kan riga narkewa alhali arewa na daskare, sai ruwa ya taru ya bazu a filayen noma. A 1997 sun yi wata babba da har yanzu ake ba da labarinta. Birnin an haƙa masa ƙaton magudani da ke zagaye da ruwan ta gefe. Gidajen gona da ke su kaɗai kuma, ko dai a gina su a kan tudun da aka tara, ko a kewaye su da ganuwar ƙasa, gida ya zama tsibiri, mai shi yana shiga da fita da ƙaramin jirgi. Na ce ko Baba za a yi masa irin wannan ganuwar?

Injiniya_Sale:
Malama Zainab, tunanin ya yi, amma a yi hattara. Su ba a yi musu malka a lokacin, mu kuwa ruwa ta sama da ta ƙasa yake zuwa. Ka kewaye gida da ganuwa ba injin zuƙe ruwa, ruwan saman da ya sauka a ciki ina zai bi? Ka gina wa kanka kududdufi. Ga ƙasar wajen Zaki da yashi, ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashi. Buhunan yashi suna taimako a bakin ƙofa da inda ruwa ke sulalowa, ba su tare kogi.

In kuɗi kaɗan ne, Ɗan_Zaki, ga inda zan sa su. Ɗaki ɗaya tak, a wuri mafi tudu a gidan, a ɗaga daɓensa sama da alamar da ruwan bara ya bari a katanga, a yi gindinsa da dutse ko bulo da siminti, a rufa da kwano mai sauƙi. Soro mai azara da tarin ƙasa a ka shi ne mafi haɗari, in ya sha ruwa nauyinsa ke kashe mutane. A gyara indararo ya riƙa watsa ruwa nesa da bango, a buɗe magudanar tsakar gida. Bakin rijiya a ɗaga shi a yi masa murfi. Sai dai wannan aikin rani ne. Yanzu siminti ma ba zai isa wurin ba, in ya isa ba zai bushe yadda ake so ba.

Auwal_Mai_Taki:
Gwamnati fa? Kowace shekara sai dai a zo da tabarma da 'yar shinkafa a ɗauki hoto. Mu a 2022 an rubuta sunayenmu, har yau shiru.

Yaya_Deba:
2022 ai ba a magana, sama da mutum 600 suka rasu a faɗin ƙasar nan, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Amma Auwal, shi gidan da ke shi kaɗai a daji ko rabon ake yi ba ya cikin lissafi, a sansani ake ƙirga mutane. Abin da na ga yana da amfani shi ne gargaɗi. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fitar da hasashen damina a farkon shekara, NIHSA kuma, hukumar da ke lura da ruwan koguna, na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, ana faɗa a rediyo. Matsalar, hasashen zai ce maka ƙaramar hukuma, ba zai ce maka daren Talata ba. Mu dabarar da muka koma yi, muna da mutum a garin da ke sama da mu a bakin kogi, in ruwa ya wuce su da ƙarfi sai ya kira. Sannan a kafa sanda a bakin fadama a yi mata tsaga-tsaga, safe da yamma a duba. A yi yarjejeniya da Baba tun yanzu: ranar da ruwa ya kai tsaga kaza, ba musu, a fita.

Ɗan_Masunta:
Wannan yarjejeniyar ta yi, amma a haɗa da mai kwalekwale. Ku je ku same shi tun yanzu, ku ba shi wani abu, ya san gidan, ya san hanyar da zai bi in gonaki sun nutse, don a cikin ruwa burtali da rami duk ɗaya suke. Kuma don Allah ranar fita kada a cika jirgi. Yawancin kifewar da muke gani lodi ne, a sa mutane, a sa buhuna, a ɗora mashin, akuya ta zabura, shi ke nan. Gara a yi sawu biyu. Kada kuma wani ya ce zai ratsa da ƙafa don ya san wurin. Ruwa mai gudu ko gwiwa bai kai ba yana kayar da ƙato, kuma ƙasan da ka sani jiya ya zaizaye yau. Jarka babba da aka toshe bakinta da kyau tana riƙe mutum a ruwa, a ajiye wasu a ɗaure musu igiya.

Hajiya_Mai_Waina:
A soya musu gari, a yi ƙuli-ƙuli da yawa, a kai garin rogo da sukari da dabino, abin da za a ci ba sai an hura wuta ba. Gawayi buhu ɗaya a rataye a sama. Takardun gona da katin asibiti a leda biyu.

Bagidajen_Gamawa:
Da 'yar sola ta cajin waya. Wannan kam ba wasa nake ba. Kuma a duba layin da ke kamawa a wurin, namu sai an hau bishiyar tsamiya.

Ɗan_Zaki:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Malam, na sami Baffanmu da liman suka je. Inda aka tsaya: matar ƙanena da yara sun iso Azare jiya, an ma kai ta awo. Shanu Baba ya yarda a kai tudu wurin wani amininsa. Hatsi ya ce rabi kawai za a kwashe. Shi kuma yana nan, Inna ta ce ba ta barinsa, ƙanena zai zauna da su. Maganar sanda ya yi dariya, ya ce shi da kututturen giginyar bakin fadama yake awo tun ba a haife ni ba, in ruwa ya rufe shi zai fito da ƙafarsa.

Maman_Hanifa:
Alhamdu lillahi da mai cikin ta fito. Amma zaman Inna bai kwanta mini ba. Ku ce mata haihuwa ta matso, ana buƙatarta wurin wankan jego, wannan Baba ba zai hana ba.

Abu_Sumayya:
Kun gani ko? Dattijon yana da ma'auninsa. Ni na fi yarda da kututturen nan da hasashen rediyo.

Injiniya_Sale:
Kututturen yana gaya masa inda ruwa yake ne, ba ya gaya masa wanda ke tafe daga Ningi. Ɗan_Zaki, ka tambayi ƙanenka, in ruwa ya rufe kututturen, hanyar fita da ƙafa tana nan ko ta riga ta nutse? In ta riga ta nutse, ma'aunin ya makara, sai a nemi alama ƙasa da shi.

Ɗan_Zaki:
Na tambaye shi yanzu. Ya ce hanyar kan riga nutsewa.

Ɗan_Masunta:
To maganar mai kwalekwale ta zama dole. Wane gefen Zaki ne, wajen Sakwa ko wajen garin Katagum? Ka yi mini magana ta gefe, ina da abokan sana'a a can, in ji nawa suke karɓa bana.